Kafin Ka Ce A Fassara Maka Jimlar Latin

Ƙannena, da yawanku ba za ku taɓa zama a ajin Latin ba, kuma babu laifi. Amma akwai waɗanda rabo ya kai su, kuma da su nake magana yau. Akwai 'ya'yanmu da aka haifa ko aka tafi da su Italiya, inda makarantun sakandaren da ake kira liceo classico ke ɗora wa ɗalibi Latin shekara biyar cur. Akwai na Jamus, inda wasu fannonin jami'a ba sa sallamar mutum sai ya nuna takardar shaidar da suke kira Latinum. Akwai na Faransa, inda yaro ke iya zaɓar Latin tun daga aji biyu na ƙaramar sakandare, da na Ingila, inda galibi a makarantun kuɗi ake koyar da shi. A nan gida ma akwai samarin da ke makarantun horar da limaman Katolika, da ɗaliban sashen nazarin Girka da Rum na Jami'ar Ibadan, wanda yana cikin sassan da aka buɗe makarantar da su a 1948. Dukkansu, a makonnin farko, abu ɗaya ake miƙa musu: jimloli 'yan gajeru gajeru, a ce su fassaro kafin darasi na gaba.

Kusan babu wanda ba ya cijewa a wannan mataki. Ka zauna da dare, littafi a buɗe, ka duba ma'anar kowace kalma a bayan littafin, amma sun ƙi haɗuwa su ba da magana. A gida ba mai jin harshen. Baba ya iya Larabci da Turanci, Mama ta iya Faransanci, Latin kuwa ba wanda ya taɓa shi. Dole hankalinka ya tafi ga wanda zai agaza: yayan abokinka da ya wuce ajin, ko 'yar ajinku mai kaifin ƙwaƙwalwa, ko wayar da ke aljihunka. Ban ga aibu a nan ba ko kaɗan. Matambayi ba ya ɓata, kuma babu ilimin da aka taɓa samu ba tare da an zauna gaban wanda ya sani ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da kuke roƙa idan kun je. Yawancinku cewa kuke yi, "Don Allah fassara mini waɗannan." A fassara, ku kwafa, ku miƙa, a ba ku maki. Ina so in nuna muku abin da kuka baro a wurin ranar nan.

Ga irin jimlar da ake farawa da ita: Agricola filiam vocat. Manomi yana kiran 'yarsa. Shi ke nan. Babu labari a ciki, babu hikima, babu abin da malaminku bai sani ba. Bai ba ku ita don yana ƙishirwar jin abin da manomi ya yi ba. Duk wanda ya taɓa leƙa shagon tela ya ga yaron da aka kawo koyon ɗinki. Ba a ba shi shadda. Takardar buhun siminti ake yanka masa, ya yi ta taka keke yana bin layi a kanta, ya karkace, ya sake, ya karkace, ya sake. Takardar nan ba mai sa ta. In maigidan ya ji tausayinsa ya karɓa ya ɗinke masa ita tsaf, an sami takarda mai kyawun ɗinki, amma ƙafar yaro da idonsa suna nan inda suke jiya. Jimlar manomi haka take. Amfaninta gaba ɗaya yana cikin mintocin da ka yi kana fama da ita.

To me take koya wa ido? Dubi wannan: Agricolam filia vocat. Kalmomin nan uku ne dai, a jerinsu na ɗazu, harafin m ne kawai ya tashi daga ƙarshen ta biyu ya koma ƙarshen ta farko. Amma magana ta juye, yanzu 'yar ce ke kiran manomi. In kuma aka rubuta Filiam agricola vocat, 'ya ta zo gaba, amma har yanzu ita ake kira, manomi ke kiran. A Hausa da Turanci da Faransanci, wurin da kalma ta zauna shi ke gaya maka wa ya yi, wa aka yi wa: kare ya ciji yaro daban, yaro ya ciji kare daban. Latin bai dogara da wurin zama ba, a ƙarshen kalma yake rataya aikinta. Wanda ya saba ɗaukar sunan farko a matsayin mai aikatawa, sai ya koya wa idonsa sabuwar ɗabi'a, ta duba ƙarshen kalma kafin ya yanke hukunci. Wannan ɗabi'a ba ta shiga ta kunne. Sai an yi kuskure an gyara, an sake yi an sake gyarawa, har ido ya daina jiran a tuna masa.

Da yawanku kuna da jarin da 'yan ajinku Turawa ba su da shi, kuma ina jin takaici idan na ga kun ajiye shi a ƙofar aji. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ajurumiyya, ɗan littafin nahawun nan na Ibn Ajurrum mutumin Fas, wanda ya rasu a 1323, ya riga ya san cewa ƙarshen kalma yana sauyawa gwargwadon aikinta a jimla. Ya san fa'ili marfu'i ne, maf'uli mansubi, abin da ya biyo bayan harafin jarra majruri. Ya sha jin misalan Zaidu da Amru, kuma bai taɓa zaton malam labarin faɗan wasu mutane biyu yake ba shi ba. Abin da ake nema a wurinku a ajin Latin li'irabi ne. Bambancin kawai, suna a Larabci halaye uku gare shi, a Latin shida. Nominativus na mai aikatawa ne, accusativus na wanda aikin ya faɗa kansa. Genetivus na mallaka ne, aikin da Hausa ke yi da n da r a gidan sarki da rigar sarki. Dativus na wanda aka ba ko aka yi wa ne, inda mu muke sa wa ko ma. Ablativus ya tattara ma'anoni da dama, irin su da, da daga, da a cikin. Vocativus kuwa na kira ne, kuma mafi yawan lokaci kamarsu ɗaya da nominativus.

Wanda bai yi Larabci ba kada ya karaya, Hausarsa ma za ta tallafa masa. Ɗan Ingila sai ya sha wahala kafin ya yarda cewa tebur ko ruwa na iya zama namiji ko mace, mu kuwa da haka muka tashi. Za a gaya muku sunayen Latin masu ƙarewa da a galibi mata ne, sannan ku ci karo da agricola bonus, manomin kirki, da sifar namiji. Ba baƙon abu ba ne a wurinku. Gida da ruwa da nama duk da a suka ƙare, amma farin gida muke cewa, ba farar gida ba. Abin da Latin ya ƙara shi ne jinsi na uku, wanda ba namiji ba mace ba, kuma shi ne zai fi ba ku aiki.

Kafin ka tashi zuwa wurin kowa, ga abin da nake so ka yi, da alƙalami a hannu. Nemi aikatau tukuna. Sau da yawa a ƙarshen jimla yake, ko da yake ba dole ba ne. Ƙarshensa zai gaya maka wa ke yi: o ko m ni ne, s kai ne ko ke, t shi ne ko ita, mus mu, tis ku, nt su. Daga nan ka nemi sunan da ya dace da shi a tilo ko jam'i. Ɗauki Mercator puero panem dat. Aikatau shi ne dat, ya ƙare da t, ke nan mutum ɗaya ne ke bayarwa. Wa ke bayarwa? Panem ya ƙare da m, ba zai zama shi ba, shi ne abin da ake bayarwa, burodi. Puero ya ƙare da o, shi ma ba nominativus ba ne. Saura mercator, ɗan kasuwa. Yanzu koma kan puero. Teburin ƙarshen sunaye da ka haddace ya ce o na iya zama dativus, na iya zama ablativus. Amma ana maganar bayarwa, kuma bayarwa tana neman mai karɓa. Ɗan kasuwa yana ba yaro burodi. Rubuta hukuncinka a ƙarƙashin kowace kalma, ko da kana shakka. Sannan ka faɗa wa kanka maganar da Hausa, a fili, wa ya yi me ga wa, kafin ka mayar da ita Italiyanci ko Jamusanci ko Turancin da malam ke so. Kai harsuna uku kake ɗauke da su a wannan aiki, 'yan ajinku biyu. Idan ka tsallake Hausar, sau da yawa ba za ka gane ko Latin ɗin ne ya kayar da kai ko harshen makarantar ba.

In ka yi haka, jimloli da yawa za su buɗe da kansu. Waɗanda suka ƙi su ne suka cancanci ka ɗauke su ka kai wa wani, kuma yawanci a wurare sanannu suke cijewa. Na farko shi ne ƙarshe ɗaya mai aiki da yawa. Puellae na iya nufin 'yan mata, na iya nufin na yarinya, na iya nufin ga yarinya. A Puellae aquam portant, aikatau ya ƙare da nt, ya raba gardama: 'yan mata suna ɗauko ruwa. Amma a Mater puellae aquam dat, gardamar ba ta rabuwa da sauƙi. Ana iya cewa uwa tana ba yarinya ruwa, ana iya cewa uwar yarinyar tana ba da ruwa, kuma nahawu bai hana ko ɗaya ba. Abin da ya gabata a labari, ko darasin da babin ke koyarwa, shi zai nuna wanda ake nufi. Ɗalibin da ya ga hanyoyin nan biyu da kansa, ko da ya zaɓi wadda malam ba ta yake so ba, ya fi wanda aka miƙa wa amsa ɗaya bai ma san akwai ta biyu ba.

Sai jinsin nan na uku. Regina dona amat. Sunaye biyu, duk sun ƙare da a, sai ka rasa wa ke son wa. Ƙamus ne zai nuna maka cewa asalin dona shi ne donum, kyauta, kuma a ɗin da ke ƙarshensa alamar jam'i ce. Amat na mutum ɗaya ne, don haka kyaututtuka ba za su zama masu aikatawa ba. Sarauniya tana son kyaututtuka. Akwai kuma tarkon lokaci. Vocat yana kira, vocabat yana ta kira a da, vocavit ya kira, vocabit zai kira. Harafi ɗaya tak ke tsakanin ya kira da zai kira. Docet yana koyarwa ne, yanzu, amma ducet zai jagoranta ne, nan gaba, duk da sun ƙare iri ɗaya, saboda gidan aikataunsu daban daban ne. Venit na iya zama yana zuwa, na iya zama ya zo, tsawon wasalin e ne bambancin, kuma ba kowane littafi ke sa masa alama ba. Ƙaramar kalmar nan in ma tana da fuska biyu: Puer in agrum currit, yaro yana rugawa zuwa cikin gona, amma Puer in agro currit, yana cikin gonar ne yake ta gudu. Waɗannan su ne wuraren da bakin wanda ya sani yake da daraja, domin minti biyu na bayaninsa na iya ɗauke maka ruɗun mako guda.

Ƙamus ma sai an koyi shiga cikinsa, kuma wannan taimako ne da ya kamata ka roƙa tun makon farko. Ka ga regem a jimla, ka bi harafin r har ka gaji ba ka gan shi ba, domin a ƙarƙashin rex yake zaune. Shi ya sa ƙamus ke ba ka suna da siffa biyu, rex, regis, ta biyun ce ke nuna maka gindin da sauran ke tsirowa. Aikatau kuwa siffa huɗu ake jera masa. Wanda ya ga tulit ya tafi harafin t yana nema zai iya dawowa hannu rabbana, alhali kalmar 'yar gidan fero ce, ɗauka: fero, ferre, tuli, latum. Wanda ya saba neman kalmar Larabci ta tushenta ba zai yi mamaki ba. Shawarata ita ce ku fara da jerin kalmomin da ke bayan littafinku, domin an tsara shi daidai bakin abin da kuka koya. Manyan ƙamusoshi, irin na Lewis da Short na 1879 ga masu Turanci, ko na Gaffiot na 1934 ga masu Faransanci, suna nan kyauta a intanet, amma za su zubo maka ma'anoni fiye da abin da mai farawa zai iya tsincewa.

Yanzu ga yadda ake zuwa. Ka ɗauka ɗalibai biyu sun je wurin yayarsu da ta yi nisa a Latin. Na farko ya miƙa takarda ya ce, "Yaya, don Allah ki yi mini, gobe za a karɓa." Ta biyu ta buɗe littafinta ta ce, "Yaya, muna babi na shida, an koya mana dativus amma ba mu kai ablativus ba. Na yi bakwai, ki duba mini. Ta takwas ce ta ƙi. Na gane dat shi ne aikatau, na gane mater ce ke bayarwa, amma puellae ta ruɗa ni, na rasa ko uwar yarinya ce ko yarinyar ake ba." Na farko ya bar wa yayar zaɓi biyu kawai, ko ta ƙi ya ji haushi, ko ta yi masa ta cuce shi. Ta biyu ta nuna mata daidai inda ciwon yake. Yayar za ta ce, "To, wane darasi babin ke koyarwa?" ita kuma ta ba kanta amsa. Ba za su yi minti biyar ba, kuma gobe in ta dawo za a yi murnar ganinta. Mutane suna son taimakon wanda suka ga gumi a goshinsa. Ku kwafi jimlar daidai harafi da harafi, domin kun riga kun ga abin da m guda ke iya yi. Ku je da wuri, ba daren da za a karɓi aiki ba. Kuma ku gode.

Faɗin sunan littafi da babi ba ƙaramin abu ba ne. Littafin Cambridge, wanda ya fara fitowa a 1970, yana shigar da ɗalibi ta labarin gidan wani attajiri mai suna Caecilius a birnin Pompeii, kafin dutse mai aman wuta ya binne garin a shekara ta 79, kuma yana sakin nahawu kaɗan kaɗan. Na Wheelock, na 1956, yana jera tebura tun daga farko. Na Hans Ørberg ɗan Denmark babu kalmar wani harshe a cikinsa, Latin ke bayyana Latin. Hatta jerin halayen suna ya bambanta: a Ingila da Faransa accusativus na zuwa kafin genetivus, a Jamus da Italiya da Amurka genetivus ke bin nominativus. In mai taimakonka da wani jeri ya yi haddarsa, kai da wani, zai iya hargitsa maka taka ba da nufi ba. Gaya masa naka, ya bi ka a kai. Haka kuma wanda ya yi nisa sosai yakan ba da fassara mai santsi, ta gwanaye, alhali malamin mai farawa so yake ya ga kowane ƙarshe ya fito a fassarar, tilo a tilo, jam'i a jam'i, lokaci a lokacinsa.

Wanda ya fi kowa cancantar a tambaya shi ne malamin da ya ba da aikin, kuma shi kuka fi gudu. Na san dalili. Yaron da ya zo daga wata ƙasa, wanda harshen makarantar ma bai gama zama a bakinsa ba, yana tsoron a ce masa bai da kai. Ku cire wannan tsoro. Malamin Latin ya ga ɗaruruwan yara sun faɗa ramin puellae kafin ku, kuma ya san igiyar da ake fito da su. Ku tsaya bayan darasi, ku nuna masa abin da kuka yi. Ku kuma tambaye shi ƙarara wane irin taimako ya halatta a jinga, wane bai halatta ba.

Sai maganar waya. Tun 2010 Google ya sa Latin cikin harsunan da manhajarsa ke fassarawa, yanzu kuma ga manhajojin da ake hira da su kamar mutum. Ba zan ce muku ba su iya ba. Irin jimlolin mai farawa sau da yawa sukan fassara su daidai, kuma wannan shi ne haɗarin, domin babu abin da zai tsayar da kai. Wani lokaci kuma sukan yi kuskure, su faɗe shi da cikakken ƙarfin hali, kai kuwa ba ka da ma'aunin da za ka kama su. In za ku yi amfani da na'ura, ku nemi wadda ke buɗe muku ƙofofi ta bar muku zaɓi. Akwai tsohuwar manhaja mai suna Whitaker's Words: ka rubuta mata puellae, ta jero maka duk abin da kalmar ke iya zama, ba ta zaɓa maka ko ɗaya ba. Ina ganin wannan ya fi zama taimako na gaskiya. In da mai hira ce, kada ka liƙa mata jimlar ka ce ta fassara. Ba ta fassararka, ka ce ta nuna maka kalmar da ka kuskure ba tare da ta faɗi amsa ba, sannan duk abin da ta ce ka gwada shi da teburin littafinka.

Akwai ɓangaren amana, kuma ba zan kewaye shi ba. Wanda ya miƙa aikin wani da sunansa ya yi ha'inci, ko da jimla uku ce. Amma ku dubi abin da ke biyo baya. Jinga ita ce hanyar da malam ke sanin inda aji ya tsaya. In ya ga kowa ya ci dativus, sai ya wuce zuwa ablativus da zuciya ɗaya. Kai da aka yi wa, ka rufe wa kanka ƙofar da za a dawo a sake maka bayani, ka kuma rufe wa na kusa da kai da bai gane ba amma ya ji kunyar magana. Latin kuwa hawa hawa ne, babi na goma yana tsaye ne a kan na tara. Wata uku da fara kwafa, za ka ga ko bayanin mai taimako ba ka fahimta, domin kalmomin da yake bayani da su sun wuce ka. Bayan shekara biyu ko uku za a ajiye maka rubutun marubutan Latin irin su Kaisar ko Cicero, jimla ɗaya ta cinye layi biyar, a ɗakin jarrabawa, ba waya, ba yaya. Kayan aro ba ya rufe katara. Jinga mai kuskure huɗu wadda kai ka yi ta fi maka amfani, kuma in wani ya taimake ka a wata jimla, rubuta a gefe cewa an taimake ka. Malamin kirki zai ƙara ganin girmanka.

Bayan an taimake ka, aiki bai ƙare ba. Washegari ka rufe amsar, ka sake fassara jimlar daga farko. In ta fito, juya ta: mayar da tilo jam'i, mayar da mai kira wanda ake kira, mayar da yau jiya. Ka ware shafi a bayan littafin rubutunka inda kake tara ƙarshen da suka taɓa kayar da kai, za ka ga 'yan kaɗan ne ke ta maimaita kansu. Tebura kuwa sai hadda, babu wata hanya, kuma hadda ba baƙuwarmu ba ce. Ku biya su da murya, safe da yamma. A nan ne iyayen da ba su san Latin ba za su shigo. Mama ba ta bukatar sanin ma'anar puella kafin ta riƙe littafi ta saurare ka kana jero siffofinta, ta tsayar da kai inda ka tsallake. Ku roƙe su wannan. Da yawansu suna jin zafin ganin ɗansu na fama da abin da ba za su iya sa hannu ba, kuma za su yi farin ciki da an ba su abin yi.

Ranar da kai ma ka zama yaya, ƙanenka ya zo da takarda, za ka ji hannunka na ƙaiƙayin karɓar alƙalami, domin ya fi sauri. Daure. Tambaye shi, "Ina aikatau?" Ka yi shiru ya nema. In ya nuna ba daidai ba, ka ce ya karanta maka ƙarshen kalmar da ƙarfi. Shirun nan da wuya, musamman in kana ƙaunarsa.

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan harshen da ba a ciniki da shi a kasuwar kowace ƙasa? Harshen bai yi nisa da ku kamar yadda kuke zato ba. Italiyanci da Faransanci da Sifaniyanci da Fotugisanci duk daga cikinsa suka fito. Tun da Linnaeus ɗan Suwidin ya daidaita sunayen tsirrai a 1753, kowace bishiyar garinku tana da sunan Latin da masana a duk duniya suka san ta da shi. Kuka ita ce Adansonia digitata: kashin farko don tunawa da Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarinta a Senegal, na biyun kuma daga digitus, yatsa, saboda ganyenta a baje yake kamar yatsun hannu. Zogale Moringa oleifera ne, mai ɗauke da mai, kuma fera ɗin nan ɗan gidan fero ne da ya ɓatar da ku a ƙamus. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro a ƙasashenmu sunansa Anopheles gambiae, wato na Gambiya, da ae ɗin nan na mallaka da kuka yi fama da shi a puellae. Ɗalibin likitanci da na shari'a kullum cikin irin waɗannan kalmomi suke iyo. Kuma 'yan Afirka ba baƙi ba ne a wannan fage. Augustine, wanda aka haifa a 354 a garin da yau ake kira Souk Ahras a Aljeriya, yana cikin manyan marubutan Latin na kowane zamani. Anton Wilhelm Amo, ɗan yankin Axim na Ghana ta yau, ya kare kundin digirinsa na uku da Latin a Wittenberg a 1734, ya koyar a jami'o'in Halle da Jena. Léopold Senghor, kafin ya zama shugaban Senegal na farko, ya koyar da yaran Faransawa Latin a birnin Tours.

Ga guda in bar muku, kuma ba zan fassara ta ba: Mercatores regi equos ostendunt. Aikatau ɗin nunawa yake nufi. A cikin sunayen uku akwai wanda gindinsa ya sha bamban da siffarsa ta farko a ƙamus, amma mun riga mun gamu da danginsa a sama. Akwai kuma wanda ƙarshensa ke iya zama na mai aikatawa ko na wanda aka yi wa, sai kun dubi sauran kalmomin za ku raba gardamar. Ku rubuta hukuncinku a ƙarƙashin kowace kalma, ku faɗe ta da Hausa, sannan ku kai wa malaminku ko yayarku ya duba.